Fadamar Mohos: Yadda Tafkin Bakin Dutse Ya Zama Keɓaɓɓen Wuri A Ƙasar Romaniya

A wannan shafi za mu yi wa jama'a bayani game da wata fadama mai suna Mohos, wadda take a gundumar Hargita, cikin tsaunukan Karfatiya na ƙasar Romaniya a nahiyar Turai. Manufarmu ita ce a fahimci yadda fadamar ta samu, da dalilin da ya sa hukumomin ƙasar suka keɓe ta.

Asalin Wurin

Idan dutse mai aman wuta ya yi bindiga, yakan bar wawakeken rami a ƙoƙuwarsa. Bayan ya huce, ruwan sama kan taru a ramin har ya zama tafki. Irin wannan ne Tafkin Tila da ke yankin Biu a jihar Borno. Dutsen Comadul na Romaniya, wanda ya yi amansa na ƙarshe kimanin shekara 30,000 da suka wuce, ramuka biyu ya bari kusa da juna. Ɗaya shi ne Tafkin Santa Ana, wanda har yau cike yake da ruwa. Ɗayan kuwa shi ne Mohos, mai tudun kimanin mita 1,050 daga saman teku, da faɗin hekta 80.

Yadda Tafki Ya Zama Fadama

Sannu a hankali ƙasa da tarkacen tsirrai suka riƙa cike tafkin Mohos, sannan wata irin gansakuka mai shan ruwa kamar soso ta mamaye shi. Saboda sanyi, da tsamin ruwan, da rashin iska a ƙarƙashinsa, duk tsiron da ya mutu ba ya gama ruɓewa. Sai ya kwanta a kan na baya, shekara bayan shekara, har ya zama baƙin taɓon ciyayi. Irin wannan taɓo ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin milimita ɗaya a shekara, amma a Mohos kaurinsa ya kai mita 10. Ke nan aikin dubban shekaru ne. Abin da ya rage na tsohon tafkin shi ne 'yan ƙananan kududdufai masu baƙin ruwa.

Babu kogin da ke shayar da fadamar. Da ruwan sama da ƙanƙara ta dogara. Don haka ƙasarta ba ta da taki, itatuwan cikinta sukan tsufa ba tare da sun yi tsawo ba. Akwai ma wani tsiro mai ganye mai danƙo wanda yake kama ƙwari ya narkar da su, domin samun abincin da ƙasar ta hana shi.

Dalilin Keɓe Ta

Na farko, a nan ake samun tsirran da suka saura tun zamanin da ƙanƙara ta rufe sassan Turai. Na biyu, masana kan haƙo taɓon su duba ƙurar furannin da ta maƙale a ciki, su gano irin dazuzzuka da yanayin da aka yi a da. Na uku, irin waɗannan fadamu kashi 3 cikin 100 kacal ne na doron ƙasa, amma sinadarin kabon da suka adana ya fi na dukkan dazuzzukan duniya. Da zarar an yanka magudana an janye ruwan, taɓon yakan bushe, ya saki iskar da ke ɗumama duniya, kuma yana iya kamawa da wuta ya yi ta ci ta ƙarƙashin ƙasa. Haka ta faru a Indunusiya a shekarar 2015, inda hayaƙi ya turnuƙe ƙasar da maƙwabtanta na tsawon watanni.

Matakan Kariya

Dokar ƙasar Romaniya mai lamba 5 ta shekarar 2000 ta sanya Mohos da Tafkin Santa Ana cikin keɓaɓɓun wurare. Maziyarta ba sa shiga fadamar sai tare da ɗan jagora, kuma a kan gadar katako ake tafiya, domin kada a tattake tsirrai ko mutum ya nutse a taɓo. An kuma hana tsinkar tsirrai da kunna wuta.

Muna jan hankalin masu unguwanni, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi ga darasin da ke ciki. Ran kowace fadama shi ne ruwanta, kuma abin da ya ɗauki dubban shekaru yana taruwa, magudana ɗaya na iya lalata shi cikin ɗan lokaci. Saboda haka ya dace a nemi shawarar jami'an kula da muhalli kafin a janye ruwan wata fadama ko a cike ta.