Don Me Muke Son Gizo, Alhali Mun San Halinsa?

 

A makon jiya wata uwargida ta aiko mini da takarda, ranta a ɓace. Ta ce 'yarta da ke makarantar sakandare ta karanta littafin nan Jiki Magayi, da ta gama sai ta ce ita dai duk cikin mutanen littafin Abubakar ne ya fi ba ta tausayi. Uwar kuwa ta karanta littafin tun tana budurwa, ta san Abubakar shi ne ya lalata ɗan mutane. Shi ne take tambayata, shin yarinyar nan ba ta fara karkacewa ba kuwa? Ko ta ƙwace littafin ta ɓoye?

To, uwargida, kwantar da hankalinki, kada ki ɓoye littafi. Tambayarki ta shafi mata da yawa, don haka zan amsa ta a nan kowa ya ji.

Bari mu fara da abin da kowaccenmu ta sani tun tana ƙarama. In dare ya yi, an ci tuwo, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kaka ta ce za ta yi tatsuniya, ta wa yara suke roƙo a yi musu? Ta Gizo. Gizo kuwa maƙaryaci ne, makwaɗaici, malalaci, ga cin amana, ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga halinsa ba. Ku tuna da tatsuniyarsa da hankaki. Sun ji tausayinsa, kowanne ya cire gashi ya ba shi, suka tashi da shi zuwa itacen ɓaure da ke tsakiyar ruwa. Da isarsu sai ya shiga hana su ci, kowane ɓaure suka nufa ya ce shi ya riga gani. Suka yi fushi, suka karɓe gashinsu, suka bar shi can. Ya faɗa ruwa cikin kadoji, nan take ya ƙaga ƙaryar zumunci don ya tsira da ransa.

Duk yaran da ke kan tabarmar nan sun san Gizo bai kyauta ba. Amma ba ko ɗaya cikinsu da ke so kadoji su cinye shi. Dalili kuwa, Gizo ɗan ƙanƙane ne a dawan da zaki da giwa da kura ke mulki, ba shi da ƙarfi sai wayo. Yaro shi ma ɗan ƙanƙane ne a gidan da manya ke da iko. Har wa yau yaron ya san shi ma ya taɓa sa hannu a tukunya ba da izini ba, aka tambaye shi ya ce ba shi ba ne. In ya yi wa Gizo dariya, rabin dariyar kansa yake yi wa.

Ku gwada wannan da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. Tana da daɗi, tana kuma koyar da ladabi. Amma tun daga farko kin san ƙarshenta: 'yar bora mai haƙuri za ta sami alheri, 'yar mowa mai rashin kunya za ta kwashi kashinta a hannu. Ba ki taɓa jin an yi gardama a kansu ba. Gizo kuwa kullum ana gardama a kansa.

Da aka fara rubuta labarai cikin boko, wannan hali bai ɓace ba. A shekarar 1933 Dokta East na ofishin fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, shi ne kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ku dubi Alhaji Imam na cikin labarin. Niyyarsa mai kyau ce, ya bar gida ne don ya samo ruwan da zai zama magani, ya kuma wanke tsohonsa daga kunyar da aka ba shi a fada. Amma a hanya fa? Shi da Malam Zurƙe sun yi ta cutar juna gari gari, yau wannan ya ja wa wancan duka, gobe wancan ya rama. In da a unguwarku yake, ba za ki ba shi ajiyar ko kwabo ba. Duk da haka shekara da shekaru 'yan makaranta suna karanta shi suna ƙyaƙyata dariya, suna fata ya dawo gida lafiya.

Sa'an nan mu zo kan Jiki Magayi, wanda John Tafida da Dokta East suka rubuta a wannan zamani. Nan ba dariya. Abubakar saurayi ne mai son Zainab, ita ma tana sonsa. Sai wani attajiri, Malam Shehu, wanda bai sami haihuwa ba, ya shiga tsakani da ƙarfin dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya ɗauki alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya sha wuya iri iri, ya dawo ya sa wa ɗan da aka haifa hannu. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya tashi ɓarawo, har a ƙarshe uban ya mutu a hannunsa.

To, uwargida, wa za ki ɗora wa laifi? Abubakar an zalunce shi, wannan ba shakka. Amma ya ɗauki fansa a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Malam Shehu ya yi amfani da kuɗi ya raba masoya, amma abin da ya tura shi shi ne ƙishin haihuwa, mu mata kuwa mun fi kowa sanin zafin wannan. Kyauta ya yi sata, ya yi kisa, amma tun yana yaro aka cuce shi. 'Yarki da ta ji tausayin Abubakar ba ta ce ya yi daidai ba. Ta ga inda aka fara ɓata masa ne. Yarinyar da ke iya ganin wannan ta fara hankali ke nan.

A ganina abu uku ke jawo mu ga irin waɗannan mutane, ko a littafi ko a fim.

Na farko, muna ganin kanmu a jikinsu. Hausawa sun ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Wace ce cikinmu ba ta taɓa jin kishi ba, ko ta riƙe wata a zuci, ko ta faɗi maganar da ta yi nadama daga baya? In aka nuna mana macen da ba ta taɓa yin fushi ba, sai mu yaba mata daga nesa. In aka nuna mana wadda ta yi fushi, ta yi kuskure, ta kwana tana juyi, sai mu ce wannan 'yar gidanmu ce.

Na biyu, ba mu san abin da za su yi gaba ba. Mugu tsantsa mugunta zai yi, nagari tsantsa alheri zai yi, ba sai an jira ba. Amma mai zuciya biyu yana iya juyawa ko'ina. Shi ya sa tuwo ke ƙonewa a kan murhu mai gida tana riƙe da littafi, shi ya sa kuma ake zaman jiran kashi na gaba na wasan talabijin.

Na uku, muna koyon hattara ba tare da wuta ta taɓa mu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mugun da aka zana da jajayen idanu ba ya koya mana kome, don ba ma zaton za mu zama shi. Amma Abubakar ya fara ne da soyayya, kamar kowa. Mai karatu tana bin sa taki taki, har ta ga daidai wurin da ɓacin rai ya rikiɗe ya zama zalunci. In ranar ɓacin ranta ta zo, za ta gane wurin.

Marubuta mata ma sun bi wannan hanya. A littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na shekarar 1990, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi saboda amaryarsa Delu. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Da gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa sai ya dawo neman biko, aka matsa mata ta koma alhali ranta bai so ba. Har yau in mata suka haɗu a kan littafin nan sai ra'ayi ya rabu, wasu su ce haƙuri ya fi, wasu su ce an cuce ta sau biyu. Gardamar nan kuwa ita ce amfanin littafin.

Amma fa akwai inda za a yi hattara. Ba kowane labari mai mugu a ciki ne na kirki ba. Akwai wanda ke yi wa mugunta ado, ya ba mai ita mota da gida, ya rufe labari ba a nuna wanda ya yi kuka ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: shin labarin ya nuna abin da laifin ya jawo, da wanda ya biya? Gizo yakan sha duka. Ramuwar Abubakar ba ta dawo masa da Zainab ba. In labari ya ɓoye wannan, to, shi ne abin gudu.

Don haka, uwargida, maimakon ƙwace littafi, ki kira 'yarki bayan sallar isha ku zauna. Ki tambaye ta, a ina Abubakar ya fara ɓata? Da ke ce Zainab, yaya za ki yi? Ki saurari amsarta kafin ki faɗi taki. Za ki san abin da ke zuciyarta fiye da yadda faɗa zai nuna miki.

Ku kuma 'yan makaranta, ku ji tausayin wanda kuka ga dama cikin labari, amma ku riƙe wannan: fahimtar dalilin mutum daban, yarda da aikinsa daban. Kuna iya yi wa Gizo dariya, amma kada ku ba shi gashinku.

Wadda take da ra'ayi a kan Rabi, ko ta koma ko kada ta koma, sai ta rubuto mana, za mu buga a wannan fili. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.