Saƙon Fumban da Ya Kai Sarkin Bell ga Igiya

Duk Bahaushen da ke da shago ko gida a New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru, yana zaune ne a unguwar da aka kafa da ƙarfin tsiya. Jamusawa ne suka yanka ta, kuma rigimar kafa ta ce ta ci ran sarki.

Sunansa Rudolf Duala Manga Bell, ya gaji mahaifinsa a sarautar Bell a 1908. Kakansa, Ndumbe Lobe Bell, yana cikin sarakunan da suka sa hannu a yarjejeniyar 12 ga Yuli, 1884, wadda ta ba Jamus mulki amma ta bar wa 'yan ƙasa filayensu. Rudolf ya yi karatu a garuruwan Aalen da Ulm, ya san harshen Jamusawa da dokokinsu, ya kuma ɗauka takarda tana ɗaure mai bindiga.

Daga 1910 hakimin Turawa na Duwala, Hermann Röhm, ya fito da shirin tashin mutane daga bakin kogin Wuri, a tura su ciki, a bar filin kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Hujjar wai zazzaɓin cizon sauro, sai ka ce sauro yana awon ƙasa kafin ya tashi. Filin bakin ruwa, inda jirage ke sauke kaya, shi ake so.

Sarki ya yi ta aika koke zuwa majalisar dokokin Jamus. A 1913 aka tuɓe shi. Ya tura magatakardansa, Adolf Ngoso Din, a ɓoye zuwa Balin, har majalisar ta sa aka dakatar da ƙwacen na ɗan lokaci. Nan ne hukuma ta gane muddin ana gardama kan doka ba ta da nasara, sai ta nemi laifin da ba a gardama a kansa: cin amanar ƙasa.

Tsohon makami ne. A zamanin Tiberiyas, sarkin Rum na biyu, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37 miladiyya, zargin cin amanar sarki ya zama sana'a, domin mai kai ƙara yana samun kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyar wanda aka kama. Shugaban dogarawansa, Sejanus, da haka ya share abokan hamayyarsa, kafin shi ma a kashe shi a shekara ta 31 bisa wasiƙar da sarkin ya aiko daga tsibirin Kafri.

A Kamaru, shaidar daga fadar Fumban ta fito. A watan Afrilu 1914 wani manzo ya isa wurin Sarkin Bamun, Ibrahim Njoya, yana cewa Manga Bell ne ya aiko shi neman haɗin kai don juya wa Jamus baya. Njoya, wanda a 1908 ya aika wa Sarkin Jamus gadon sarautar mahaifinsa kyauta, ya sanar da 'yan mishan, maganar ta kai ga gwamna Karl Ebermaier. Da wuya a kira wannan tsegumi kawai. Mutumin da rawaninsa ke hannun baƙo yana lissafin abin da zai same shi in aka ji ya ɓoye saƙo irin wannan.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka yi shari'a cikin gaggawa ranar 7 ga Agusta, washegari aka rataye Manga Bell da magatakardansa. Ba a yi wata biyu ba Duwala ta faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa. Yawancin mutanen Bell suka ƙi tarewa a sabuwar unguwar, baƙi suka cika ta: Hausawa fatake, Bamileke, Basa da sauransu.

Njoya kuwa, Faransawa ne suka rage masa iko, suka kai shi Yawunde a 1931, can ya rasu a 1933.