Kashin Shanu Maganin Ƙasar Da Mai Ya Ɓata

Duk falken da ya taɓa lodin shanu a Adumri ko Ngong, ya bi ta Garwa zuwa Mubi ko Yola, ya san baƙar ƙasar nan ta bakin kara inda tireloli ke kwana. Nan ake juye baƙin mai, nan gas ke ɗiga, nan masu sayar da zuwa-zuwa ke wanke jarkoki. Da damina ta sauka sai ruwa ya kwashe ƙazantar ya kai tafkin da garkenmu ke sha, saura ya gangara Binuwai. Saniya kuwa ba ta san guba ba. Takan lashi baƙin mai da tsohon batir, dalmar da ke ciki ta makantar da ita ko ta kashe ta. Asarar ta mai dukiya ce.

Jama'a sun fi jin tsoron babban bututun man nan mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya taso daga Doba ta Cadi, ya ratsa ta wajen Tuboro zuwa Kiribi, aka fara tura mai cikinsa a 2003. Gaskiya ne abin a sa wa ido ne. Amma ɓarnar da ke taɓa aljihunmu kullum ita ce wannan ƙaramar, ta bakin kara da mashaya.

To, ashe maganin yana ƙarƙashin ƙafarmu. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masana na kiran su bakteriya. Wasunsu mai ne abincinsu: su ci, su mai da shi ruwa da iska. Abin da suke bukata uku ne: taki, laima da iska. Lokacin da jirgin ruwan Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a Alaska ta Amurka a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku don halittun su yi sauri. A ƙasar Ogoni ta Nijeriya ma, inda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara zai iya cin shekara 25 zuwa 30, an yi amfani da irin wannan dabara.

Mu kuwa taki ne ya yi mana yawa. Ga yadda ake yi: a haƙe ƙasar da ta jiƙe da mai, a kai ta nesa da rijiya da kwari, a shimfiɗa a kan leda mai kauri. A cuɗa ta da kashin shanu da ɓuntun shinkafa, don iska ta samu shiga. A riƙa yayyafa ruwa, amma kada ta zama taɓo, sannan a juya ta da fartanya duk mako. Zafin Garwa yana taimakawa, sai dai in ƙasa ta bushe ƙamas a watan Maris da Afrilu, aikin ya tsaya. A kewaye wurin da ƙaya don dabbobi. Gas yakan ragu cikin 'yan watanni. Baƙin mai ya fi taurin kai, sai an yi haƙuri.

Sai dai a yi hattara. Halittun nan ba sa cin dalma, don haka ƙasar da aka fasa batir a kanta ba ta gyaruwa da taki. Haka nan ƙasarmu ta auduga ce, hedkwatar SODECOTON ma a Garwa take, kuma akwai magungunan feshi na da, irin su DDT, masu shekaru a ƙasa ba su ruɓe ba. Kada a zuba ragowar maganin kaska a mashaya, kada a shayar da maraƙi da galan ɗin feshi. In saniya ta fara dalalar da miyau tana tangaɗi, a nemi likitan dabbobi nan take, kada a yi saurin kai ta mahauta, don mutane ne za su ci naman.

Shawara ga sarakunan kara da dillalai: a ajiye durom guda a wurin lodi don tara baƙin mai, a ware lungu ɗaya na gyaran ƙasa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiya, ya sa mu je lafiya mu dawo lafiya, amin.