Tsutsar Haƙori da Gaskiyar Al'amarinta

Tun ina yaro nake jin manya suna cewa, idan haƙorin mutum ya yi rami ya hana shi barci, to tsutsa ce ta shiga tana cinsa kamar yadda gara take cin azara. Kuma na taɓa tsayawa a kasuwar garinmu na ga wani mai magani ya sa wani bawan Allah ya kuskure baki da jiƙo ya tofar a ƙwarya, sa'an nan ya tsinto waɗansu 'yan fararen abubuwa da tsinke ya nuna wa jama'a, aka yi ta salati. Wannan zato ba mu kaɗai muka yi shi ba, domin mutanen Babila sun rubuta labarin tsutsar haƙori a allunan yumɓu tun dubban shekaru, Turawa ma sun daɗe a kansa, har sai da wani tabibi Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya ƙaryata shi cikin littafinsa na 1728. Amma in za a yi adalci, magabata ba su yi nisa da gaskiya ba: lalle akwai mai rai da yake ɓarna a cikin baki, sai dai ya fi tsutsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Wanda ya fara ganin wannan halitta da idonsa wani mai sayar da tufafi ne a birnin Delft na ƙasar Holan, ana ce masa Leeuwenhoek, wanda a 1683 ya kankaro farin dattin da ke tsakanin haƙoransa, ya duba shi da gilashin da ya wasa da hannunsa, ya tarar da ƙananan halittu suna kai da kawowa a ciki. An ƙara shekara ɗari biyu da 'yan kai kafin Willoughby Miller, likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Jamus, ya bayyana a 1890 yadda ɓarnar take aukuwa. Bayanin kuwa shi ne, waɗannan ƙwayoyi da suke zaune cikin yauƙin nan mai manne wa haƙori idan ba a goge ba, abincinsu sukari ne da ragowar abinci mai gari, kuma idan sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali, alhali kuwa ɓawon nan shi ne mafi taurin abin da Allah ya halitta a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi.

A nan ne gafalar mutane take samun tushe, domin haƙori hawa uku ne, kuma ɓawon na waje ba shi da jijiya, saboda haka tsamin yana iya shafe watanni yana huda shi mai haƙorin bai ji kome ba. Idan ramin ya kai hawa na biyu, wanda ya fi laushi, sai mutum ya fara jin tsirawa in ya sha ruwan sanyi ko ya tauna alewa. Idan ya kai ɓargon da ke can ciki, inda jijiya da jini suke, nan ne azabar take sauka, daga baya mugunya ta taru a saiwa, kumatu ya kumbura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane mataki da irin maganinsa: ƙaramin rami likita yakan share shi ya cike a zama ɗaya, wanda ya taɓa jijiya sai an zare jijiyar an wanke saiwar an toshe, aikin da ya fi tsada ya fi ɗaukar lokaci, wanda ya rududduge kuwa babu abin yi sai cirewa.

Ni da nake wannan wa'azi ban kuɓuta ba. Na yi kusan shekara ina jin ramin da harshena a wani turmin hagu, na koma tauna da dama ina yi wa kaina alkawarin gobe, har wani dare cikin hunturu ciwon ya tashi ya soki kunne da ido, na kwana a zaune da kanumfari a baki. Kanumfari yana lafar da zafi, wannan gaskiya ne, amma ba ya rufe rami, haka nan ƙwayar maganin da ake saya a kemis. Wani maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya ba ni shawarar in ɗiga ruwan batir, abin da na ga ya ƙone dasashin wasu ya bar musu gyambo. Allah ya tsare ban bi ba. Da na je asibiti likitan ya duba, ya girgiza kai, ya shaida mini cewa da bara na zo da ciko kawai zai yi. Ya yi mini allurar kashe zafi ya cire, ga giɓin nan har yau.

Mas'alar sukari tana da wata daƙiƙa da galibin mutane ba su sani ba, wato yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka sha illa. Miyau, wanda muke raina shi, shi ne yake wanke tsamin ya mayar wa ɓawon abin da ya rasa, amma yana bukatar kamar rabin sa'a ko fiye bayan kowane zaƙi. Saboda haka mutumin da yake wuni a teburin mai shayi yana kurɓar kofi bayan kofi da madarar gwangwani, ko yaron da alewa ba ta barin kumatunsa daga safe zuwa la'asar, bai ba miyau damar yin aikinsa ba sam. Da dare kuma miyau yana raguwa, shi ya sa wanda ya kwanta da zaƙi a baki ya bar gidansa ba mai gadi.

Sai kuma dasashi, wanda ciwonsa ya fi na rami shiru. Mutum ya goge baki ya tofar ya ga jini-jini, sai ya ce buroshi ne ya yi ƙarfi, har ya daina goge wurin, alhali jinin alama ce ta kumburin da yauƙin ya haddasa. Yauƙin nan idan ya daɗe yakan daskare ya zama kamar dutse a gindin haƙori, buroshi ba ya fitar da shi sai likita ya kankare. Kuma ba sabon ilmi ba ne, domin Abul Ƙasim az-Zahrawi, tabibin Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya zana ƙarafan kankarar a littafinsa At-Tasrif. In an bar dutsen nan, kumburin yakan ci ƙashin da yake riƙe da saiwa, baki ya yi wari, haƙori lafiyayye ya yi ta girgiza har ya faɗi, mu kuwa mu ce tsufa ne. Masu ciwon sukari da masu shan taba sun fi kowa shiga wannan hali. Mafi munin ciwon dasashi shi ne ciwon noma, wanda yake farawa da gyambon dasashi ga ƙananan yara masu tamowa, cikin kwanaki ya cinye kumatu. Akwai asibiti musamman dominsa a Sakkwato tun 1999.

Abin mamaki, al'ummar da ɗalibinta yake karanta a Ahalari cewa asuwaki yana cikin falalolin alwala bai kamata a koya mata tsabtar baki ba. Asuwaki yana aiki ƙwarai in an bi da shi haƙori ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, har gindin dasashi. Abin da ba ya aiki shi ne a saƙala shi a gefen baki ana hira. Fifikon da man goge baki yake da shi sinadarin fuloraid ne, wanda yake ƙara wa ɓawo juriya ga tsami, kuma saboda wannan fa'ida aka fara zuba shi cikin ruwan famfo a birnin Grand Rapids na Amurka a 1945. Buroshi mai laushi, sau biyu a yini, na daren ya fi muhimmanci, kuma a tofar kada a kuskure man nan take. Gawayi da toka suna haskaka haƙori, amma suna kankare ɓawon da ba ya tofowa.

Haƙoran yaro ashirin ne, na babba talatin da biyu, kuma turmin farko na girma yana fitowa wajen shekara 6, can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba. Saboda haka iyaye da yawa suke ɗaukarsa na wucin gadi, su ga ya yi baƙi su ce ai zai famfare. Shi kuwa babu wani a ƙarƙashinsa da zai maye gurbinsa.