Ƙwayar Da Ake Sha Bayan An Gama Kemo

Yau batunmu ciwon dajin ƙwan mace ne, wanda ya dawo bayan an yi magani.

Idan aka gama ƙarin ruwan kemo, wani lokaci likita kan rubuta ƙwayar sha kullum, kamar letrozole ko tamoxifen. Me ya sa? Wani nau'in wannan ciwo da sinadarin istirojin na jikin mace yake rayuwa, kamar yadda shuka ke rayuwa da ruwa. Letrozole na rage sinadarin, shi kuwa tamoxifen tare masa hanya yake yi. Ba ya tumɓuke ciwon, amma yakan jinkirta dawowarsa.

To uwargida, kada ki ga jiki ya yi sauƙi ki ajiye maganin. Za ki iya jin zafi na taso miki, zufar dare ko ciwon gaɓoɓi. Ki faɗa wa likita, kada kunya ta hana ki. Amma idan ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jini ya zo, a sanar da maigida, a tafi asibiti nan take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.