Bayan Ƙanƙara Ta Narke: Yadda Ake Tayar da Lambun Gida a Teksas

A tsakiyar watan Fabrairun 2021 wani irin sanyi ya sauko wa jihar Teksas da ke kudancin ƙasar Amurka, irin wanda galibin mutanen jihar ba su taɓa gani ba. Iska ce mai daskarar da ruwa ta gangaro daga ƙuryar arewacin duniya, ta yi zaune kusan mako guda. Ranar 16 ga wata ma'aunin zafi a Dalas ya faɗi zuwa digiri 19 ƙasa da sifili, abin da rabon a gani tun 1949. Birnin Ostin ya yi kwana shida a jere ruwa na daskarewa a waje, dare da rana. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4.5 suka rasa lantarki, kuma daga baya hukumar lafiya ta jihar ta tabbatar da mutuwar mutum 246.

Da rana ta fito ƙanƙara ta narke, sai masu gida suka leƙa lambunansu suka tarar da wata ɓarnar. Ayaba ta kwanta ta yi lugub, tana tsiyayar ruwa. Ganyen lemo ya ƙanƙance ya koma ruwan ƙasa, 'ya'yan sun zube a gindi. Tukwanen fure na yumɓu sun tsage, bututun ban ruwa sun fashe, ciyawar farfajiya ta bushe ƙamas. A gonaki ma haka abin yake: masana harkar noma na Jami'ar Texas A&M sun ƙiyasta asarar manoma da aƙalla dala miliyan 600, kuma wajen miliyan 230 daga ciki na masu gonakin lemo ne a kwarin kogin Rio Grande.

Shawarar da malaman gona suka yi ta nanata wa masu lambu a lokacin ta ba mutane da yawa mamaki. Ce musu aka yi su ajiye zarto da almakashi tukuna, domin da yawa daga abin da ido ke gani ya mutu, da ransa.

Abin da sanyi ke yi wa tsiro

Duk wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya tarar ta fashe ya san tushen matsalar. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. Jikin tsiro kuwa cike yake da ruwa, don haka ƙanƙarar da ta taru a cikinsa takan yayyaga shi ta kuma tsotse masa laima. Ganye mai taushi shi ke fara tafiya, sai ƙananan rassa, sai manya. Saiwa ita ce ta ƙarshe, saboda ƙasa na riƙe ɗumi. Dusar ƙanƙara ma, duk da sanyinta, takan rufe ƙananan tsirrai ta kare su daga iska. A wurare da dama abin da dusa ta binne ya tsira, abin da ya leƙo sama ya ƙone.

Akwai kuma ɓarna iri na biyu, wadda Ostin ya gani daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairun 2023. Wannan karon ruwan sama ne ya riƙa zuba, da ya taɓa reshe sai ya daskare a kansa. Ɗaya daga cikin bishiyoyin da suka fi yawa a unguwannin birnin wani nau'in bishiyar ok ne da ba ya zubar da ganye a hunturu, sai kowane ganye ya ɗauki nasa nauyin ƙanƙarar. Cikin dare aka riƙa jin rassa na karyewa suna faɗa wa rufi, motoci, shinge da wayoyin lantarki, har gidaje sama da 150,000 suka shiga duhu.

Kwanakin farko: haɗari tukuna

Aikin da ba ya jira shi ne wanda ya shafi rai. Wayar lantarki da ta faɗo, ko reshen da ya jingina da ita, ba a kusantarsu. Kamfanonin wuta na cewa a tsaya nesa da wajen mita 10 a kira su. Sai a ɗaga kai a duba sama, domin reshen da ya karye ya maƙale a tsakanin 'yan'uwansa yakan faɗo bayan kwanaki, ranar da kowa ya saki jiki.

Zarto mai inji shi ne abu na biyu da ake jin tsoro. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kimanin mutum 36,000 ake kaiwa sashen gaggawa na asibitoci kowace shekara saboda raunin wannan zarto, kuma haɗarin na ƙaruwa bayan guguwa. Reshen da wani nauyi ya danne yana nan a lanƙwashe da ƙarfinsa, ana yanka shi sai ya zabura ya doki mai yankan. Ƙa'idar da ake bai wa masu gida mai sauƙi ce: aikin da ke buƙatar hawa tsani da zarto a hannu, na gwanaye ne. Su ma gwanayen sai an tantance, don bayan kowace guguwa akan sami masu ƙwanƙwasa ƙofa da mota da zarto, su karɓi kuɗi su datse bishiya yadda ba za ta ƙara moruwa ba.

Kafin a kwashe komai, akan ɗauki hoto saboda inshora. Galibin kamfanoni na biyan gyaran rufi ko shingen da bishiya ta faɗa wa, amma ba kasafai suke biyan tsiron da sanyi ya kashe ba. Daga nan sai a rufe babban famfo, a bi bututun ban ruwa ɗaya bayan ɗaya a ga inda ke yoyo, a kuma kwashe duk tsiron da ya ruɓe ya fara wari.

Gwajin farce

Sauran tsirran kuwa jira suke buƙata, kuma akwai hanyar sanin halin da suke ciki. Mai lambu zai kama reshe ya kankare ɓawonsa kaɗan da farce ko bakin wuƙa, wuri bai fi girman ƙwayar wake ba. In ƙarƙashin ɓawon kore ne shar, da ɗan danshi, reshen na da rai. In ya ga ruwan ƙasa a bushe, kuma reshen ya karye ƙas da an lanƙwasa shi, sai ya sauko ƙasa kaɗan ya sake kankarewa, ya yi ta saukowa har ya iske kore. A nan mutuwa ta tsaya, kuma a nan za a yanke idan lokaci ya yi.

Lokacin kuwa sai sabon toho ya fito. Dalili biyu ne. Busasshen ganye da matattun rassa na kare abin da ke ƙasansu in sanyi ya dawo, kuma yanka na zaburar da tsiro ya fitar da toho mai taushi wanda sanyin dare guda zai ƙone. A 2021 bishiyoyin ok da yawa ba su fitar da ganye ba sai cikin Mayu da Yuni, makonni bayan lokacinsu. Wanda ya sare tasa a Maris ya yi asarar inuwar shekaru masu yawa a banza. Sauri ya haifi nawa.

Kowane tsiro da nasa hali. Ayaba ko ta kwanta gaba ɗaya, gindinta na ƙarƙashin ƙasa yakan fito da 'ya'ya. Dangin dabino da giginya kuwa ido ɗaya gare su, can a tsakiyar kai. Akan ja sabon ganyen tsakiya a hankali, in ya zare da ruɓaɓɓen gindi to akwai matsala, amma duk da haka akan ba su watanni kafin a yanke hukunci. A Teksas, wasu dogayen danginsu 'yan asalin Meziko da aka jera a bakin tituna sun mutu da yawa, nau'in da ke ɗan asalin yankin kuma ya fi jurewa.

Lemo shi ne mai yaudara. Kusan duk lemon da ake sayarwa a gidajen rainon tsirrai mai aure ne: saman na lemon zaƙi, gindin na wani nau'i mai jure wahala, sau da yawa mai ɗaci ko tsami. Bayan sanyi mai gida zai ga toho ya fito da ƙarfi ya yi murna. Sai ya durƙusa ya nemi tabon auren a jikin kututture. Tohon da ya fito a saman tabon shi ne lemonsa ya dawo. Wanda ya fito a ƙasan tabon na gindi ne, kuma in shi kaɗai ya fito, bishiyar da za ta tashi ba za ta ba da 'ya'yan da aka shuka ta dominsu ba.

Yanka uku

Reshen da ya karye ya bar tsage dole a gyara bakinsa, kuma a nan ake yawan ɓata bishiya. In aka yanka babban reshe daga sama kai tsaye, kafin zarto ya fita nauyinsa zai ja shi ƙasa ya salluɓe ɓawon kututture. Don haka ake yanka uku. Na farko daga ƙasan reshe, wajen kamu guda daga jikin bishiya, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa a tsaya. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko, har reshen ya faɗi. Na uku shi ke cire guntun da ya rage, kuma ana yin sa ne dab da ɗan kumburin da ya zagaye gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan bishiya ke rufe rauninta.

Ba a yi wa bishiya aski kwal da sunan rage mata nauyi. Rassan da ke fitowa bayan irin wannan datsa suna da yawa amma ba su kama jiki sosai, su ne na farkon karyewa a guguwa ta gaba. Masana kan ce bishiyar da ta rasa fiye da rabin rassanta, ko wadda kututturenta ya tsage biyu, da wuya ta farfaɗo, gara a cire ta a dasa wata.

Shafa fenti a bakin yanka ma yanzu ba a ba da shawararsa, in ban da bishiyar ok a Teksas. Akwai wata cutar fumfuna da ke toshe mata hanyar ruwa, wasu ƙananan ƙwari masu bin ruwan sabon rauni ke yaɗa ta. Shi ya sa ake hana yankan ok daga Fabrairu zuwa ƙarshen Yuni. Guguwar ƙanƙarar 2023 ta faɗo daidai bakin wannan lokaci, sai aka umarci mutane su shafe duk yankan da ya zama dole nan take.

Saiwa da ƙasa

Ƙaramar bishiya da iska ta karkatar ana iya miƙar da ita tun ƙasa na da laushi, a cike ramin, a kafa turaku biyu ko uku a ɗaure da ƙyalle mai faɗi ko tsohuwar robar taya. Waya ko siririyar igiya na cin ɓawo. Akan bar mata ɗan sarari ta riƙa motsi, a kuma kwance ta bayan kamar shekara guda.

Ingila ta koyi wani darasi game da saiwa daga guguwar daren 15 zuwa 16 ga Oktoban 1987, wadda ta kayar da bishiyoyi kimanin miliyan 15. A lambun Kew da ke Landan akwai wata tsohuwar ok da aka dasa a 1798, wadda dama ta fara nuna alamar gajiya. Iska ta ɗaga ta da saiwarta ta sake dire ta a raminta. Ma'aikata sun sa ta a jerin waɗanda za a sare, amma kafin su iso kanta sai suka ga ta fi da lafiya. Girgizar ta sassauta ƙasar da ƙafafun 'yan kallo suka daddanne shekara da shekaru, iska da ruwa suka sami hanyar isa ga saiwa. Daga nan Tony Kirkham, ɗaya daga cikin ma'aikatan lambun, da abokan aikinsa suka fara hura iska cikin ƙasar gindin tsofaffin bishiyoyin lambun da inji.

Mai ƙaramin lambu ba ya buƙatar inji. Ya isa ya hana mota da tarin itace zama a gindin bishiya, ya shimfiɗa busasshen ganye ko diddigar itace mai kaurin santimita 5 zuwa 10 ba tare da ta taɓa kututture ba, ya kuma ba da ruwa in ƙasa ta bushe. Takin zamani sai tsiro ya fara toho da kansa. A jihohin arewacin ƙasar Amurka inda ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, akan ƙara da wanke ƙasar bakin hanya da ruwa mai yawa.

Ƙanƙara irin wannan ba ta sauka a Kano ko Damagaram, amma iskar farkon damina na karya darbejiya da mangwaro, ta kuma tuge ƙananan dashe. Gwajin farce, yanka uku da duba tabon aure duk suna aiki a nan kamar yadda suke yi a can. A Teksas kuwa, masu lambu da yawa sun maye gurbin abin da suka rasa da tsirran asalin yankin, su kuma lemo da sauran masu gudun sanyi suka koma cikin manyan tukwane da za a iya ja zuwa gareji. A Ostin, motocin hukumar birni sun shafe makonni suna kwashe rassan da aka tara a bakin titi bayan guguwar 2023, aka niƙa su da inji domin shimfiɗa a gindin tsirrai da haɗa taki.