WATA SHIDA ANA TAFIYA A ƘASA KAN DUWATSUN AMURKA

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanya wadda aka keɓe domin masu tafiya da ƙafa. Sunanta Hanyar Afalashiya, saboda ta bi ta kan jerin duwatsun da ke da wannan suna ne. Ta tashi daga Dutsen Springer cikin Jihar Jojiya can kudu, ta ratsa jihohi 14, sa'an nan ta tuƙe a Dutsen Katahdin cikin Jihar Maine a arewa. Tsawonta ya kai wajen mil 2,200, watau kimanin kilomita 3,500.

Wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye shi ya kawo shawarar buɗe ta cikin 1921, aka kammala aikin cikin 1937. Har wa yau ƙungiyoyin 'yan sa kai su ne ke share ta, suna shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu don kada matafiyi ya ɓace.

Kowace shekara mutane dubbai kan ɗaura niyyar taka ta daga farko har ƙarshe. Galibinsu sukan tashi daga kudu cikin Maris ko Afrilu, tilas kuwa su isa Katahdin kafin tsakiyar Oktoba, domin daga nan sanyi da ƙanƙara kan sa a rufe hanyar hawa dutsen. Tafiyar takan ci wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin kowane mutum huɗu da suka fara, kusan ɗaya ne ke kai wa gaci. Waɗansu ciwon gwiwa ke mai da su gida, waɗansu guzuri ke ƙare musu, waɗansu kuma cutar da cizon kaska ke jawowa. Akwai kuma da yawa waɗanda lafiyarsu lau, kewa da gundura ne suka karya musu zuciya.

A nan ne batun abokin tafiya ya shigo. Sau da yawa aminai kan baro gida tare da alkawarin ba rabuwa, amma kafin a yi nisa sai a tarar wannan mai sauri ne, wancan mai nawa. Wannan yana son sammako, wancan sai rana ta take. In aka matsa wa mai nawa sai ya ji ciwo, in aka tsare mai sauri sai ransa ya ɓaci. Saboda haka yawanci hanya ce ke zaɓa wa mutum abokansa.

Ga yadda abin kan kasance. Akwai rumfunan kwana fiye da 250 a bakin hanyar, akasarinsu bango uku ne da rufi, gabansu a buɗe. Waɗanda takunsu ya zo ɗaya sukan riƙa haɗuwa a zango guda kowace yamma, tun ana gaisuwa sama-sama har a soma cin abinci tare. Da haka ayari kan ƙullu, wanda su da kansu suke kira dangin hanya. Da rana kowa kan yi tafiyarsa daidai ƙarfinsa, da magariba a duba a ga wa bai iso ba. Kowa kuma akan raɗa masa laƙabi, har sunan yanka ya ɓace. A rumfunan akan ajiye littafi inda mai wucewa zai rubuta laƙabinsa da saƙo ga na baya, ta haka labari ke zagawa, ko na rafin da ya ƙafe ko na wanda ya kwanta rashin lafiya.

Ko waɗanda suka yi suna da tafiya su kaɗai ba su rasa mataimaki ba. Earl Shaffer, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, shi aka fara sani da ƙare hanyar a tashi ɗaya cikin 1948, kafin ayari ya yawaita a kanta. Amma Emma Gatewood, uwar 'ya'ya 11 wadda ta taka ta cikin 1955 tana da shekara 67, sau da dama mutanen bakin hanya ne suka ba ta abinci da makwanci. Bill Irwin kuwa makaho ne, karensa mai suna Orient shi ya yi masa jagora cikin 1990, suka shafe wata takwas.

Gwajin ƙarshe yana cikin Maine, inda akwai dajin da ya kai mil 100 ba gari, sai mutum ya goyi abincin kwana da kwanaki. Wanda ya fita daga nan sai hawan Katahdin, inda wani allon katako ke nuna ƙarshen hanya. Nan ayari kan ɗauki hoto, a yi ban kwana, kowa ya kama hanyar garinsu, wani ma bai san sunan gaskiya na mutumin da suka raba loma wata da watanni ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, zumunta a ƙafa take.